Ruwan da Ya Kwana a Duro

Zuwa ga Baffa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da Inna. Yaya ƙafar tata, kumburin ya sauka? Yaya aiki? Na ɗauki waya zan kira ka, sai na tuna wancan karon da nake ta kwarara ihu kana cewa "Iye? Iye?" har maƙwabta suka leƙo su ga da wa nake faɗa. Injinan ma'aikatar ruwan nan sun cinye maka kunne, Baffa, kai kaɗai ne ba ka yarda ba. Shi ya sa na koma takarda.

Mun tare a sabon gidan. Hawa na uku ne, ɗaki biyu da falo, tagar kicin tana kallon bayan wata makaranta. Takwaranka ya shiga wata na takwas, da baya yake rarrafe, in ya nufi ƙofa sai ka tsince shi a gindin kujera yana fushi. Ya fara shan ruwa da cokali, kuma a kan ruwan ne nake rubuto maka.

Ruwan famfon nan wari yake yi. Ba warin datti ba, warin magani, irin na barandar asibiti in an gama goge ta. Ko shayi na dafa sai na ji shi a maƙogwaro. Babansa ya ce ɗansa ba zai sha wannan ba. Ya sayo ruwan gora katan-katan ya jera a ƙarƙashin gado, ya ce ko baki za a wanke wa yaron da shi za a wanke. Ka san shi a kan ɗan nan. Sati mai zuwa zai tafi aikin jan layin wuta can nesa, sai ya yi wata biyu, ya bar min dokoki kamar sabuwar ma'aikaciya.

Ni kuwa kunya nake ji. Ina shekara shida Baba ya rasu, na kusa da shi duk suka noƙe, kai da kake ɗan ƙanin kakana ka zo ka ɗauke ni. Ruwan da hannunka ya gyara na sha har na zama mutum. Yau a ce ni ce da gora a ƙarƙashin gado? Ka faɗa min tsakani da Allah, warin nan yana cutarwa? In ba ya cutarwa, yaya zan yi in rage shi? Ga ruwan ma ba kullum yake hawowa sama ba, sai ya ga dama.

Ka gaida min Inna da kyau.

'Yarka.

*

Uwata ta kaina,

Takardarki ta same mu lafiya. Ƙafar Inna da sauƙi, bakinta kuwa ba abin da ya same shi, tun da na karanta mata take min tsiya wai 'yata ta koma shan ruwan manya. Kunnena kuma lafiyarsa ƙalau, mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in suna magana.

To, gyara zama ki ɗauki karatu. Warin nan da kike yamutsa wa fuska, shi ne mai gadin ruwan. Kulorin ke nan. Shekara talatin da ɗaya ina auna shi ina zubawa, safe da yamma in ɗebi ruwa a 'yar kwalba, in ɗiga magani, in ɗaga ta sama in ga launin da za ta ba ni. In ruwa ya bar hannunmu doguwar tafiya ce a gabansa, ta tsofaffin bututu, ta ƙarƙashin kwatoci, ta inda ba ki son sani. Wa zai raka shi? Shi mai warin. Ni ranar da na murɗa famfo ban ji shi ba, ranar gabana ke faɗuwa.

Ruwan gora kuma ban ce guba ba ne, kada a ce tsoho ya ce. Amma ki tambayi mijinki, ya taɓa ganin inda ake cika shi? An saka masa riga mai hoton dutse da ƙorama, an murɗa masa hula, shi ke nan ya zama babban mutum, mu namu da ke bin ƙasa ya zama bawa. Ki gaida min shi, ki ce na ce ya ja wutarsa ya bar mana ruwanmu.

Maganar rage wari kuwa, haba Uwata, har kin manta? Jog ɗin nan na tangaran da Inna ke ajiyewa a kan tebur, kin ɗauka ado ne? Ki tari ruwa ki bar shi a buɗe, kada ki rufe. Maganin zai fice da kansa ya bi iska. Haka muka yi miki, haka za ki yi wa takwarana. Ga ki nan garau, ban tuna ranar da ciwon ciki ya kwantar da ke a gidana ba.

Ki ja min kunnensa, ki ce masa a gidanmu gaba ake rarrafe.

Baffanki.

*

Zuwa ga Baffa,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna da jiki. Na karanta takardarka ina dariya ni kaɗai, takwaranka ya saki baki yana kallona kamar na zautu.

Dabararka ta yi, wallahi. Da yake sau biyu ruwan ke hawowa a sati, wani satin ma sau ɗaya, sai na sayi babban duro shuɗi na ajiye a barandar kicin. Ranar da ya zo in cika shi fal, in bar bakin a buɗe yadda ka ce. Kwana ɗaya warin ya ragu, kwana uku babu shi sam, daɗi kamar ruwan gidanmu. Da moɗa muke ɗiba, ni da maƙwabciyata da yaranta in nasu ya ƙare.

Babansa ya tafi. Ban faɗa masa ba. Gorunansa suna nan a ƙarƙashin gado ko leda ban yage ba, jira nake ya dawo ya tarar da ɗansa ya yi ɓul-ɓul, in jawo masa katan ɗinsa in ce ga kayanka, mu ga inda zai sa bakinsa.

Sai dai kwana biyun nan cikin yaron ya ɗan ɓaci, yana zawo kaɗan-kaɗan, jikinsa da ɗumi. Maƙwabciyata ta ce haƙori ne, duk nata huɗun haka suka yi. Na duba kuwa dasashin ya yi fari. Ka shirya, wanda zai cije ka yana nan tafe.

'Yarka.

*

Uwata,

Yau ba gaisuwa. Ki ajiye takardar nan ki je ki tuntsurar da duron nan, sannan ki dawo ki ƙarasa karantawa.

Takardarki ta yi kwana goma sha biyu a tiren ofis. Ina hutu, na kai Inna an zuƙe mata ruwa a gwiwa, ba wanda ya yi tunanin miƙo min ita gida. Yau da safe na buɗe ta a tsaye a bakin ƙofa, ina kaiwa tsakiya na nemi biro da takarda.

Jog nake nufi, Uwata, jog! Awa ɗaya, awa biyu, a sha, a zubar da saura, a taro sabo. In warin ya tafi mai gadin ne ya tafi. Ruwan da ya kwana uku baki buɗe, ƙuda na sauka, ƙura na shiga, hannu goma na tsoma moɗa, wannan ba nawa ba ne, ba ni da iko da shi. Ki yage katan ɗin nan ki ba yaron na gorar. Na ce ki ba shi na gorar. In ya ƙare ki tafasa na famfo sai ya yi ta ɓararraka. Ki haɗa masa ruwan gishiri da sukari, ki kai shi asibiti yau, kada ki saurari maganar haƙori daga bakin kowa.

Na sa abokin aikina ya kira lambarki sau shida, a kashe. Ban sa wannan a gidan waya ba, direba na ba hannu da hannu. Don girman Allah ki ba shi amsa ya taho min da ita, ko layi ɗaya ne.

Baffanki.

*

Baffa,

Direban ya zo ranar Laraba. Takwaranka ya riga ya rasu tun ranar Asabar da hantsi. Ni na hana a aiko maka da baki, na ce ni zan rubuta, sai na kasa riƙe biro.

Kwana goma muka yi a gida. Ya yi sauƙi, ya koma, ya yi sauƙi. Kullum ina ɗura masa ruwa don kada ya bushe, daga duron nan nake ɗebowa, Baffa, da hannuna. Ranar da na ga maɗigarsa ta faɗa, yana kuka ba hawaye, na saɓe shi na sauka bene ko takalmi ban sa ba. A asibiti sun nemi jijiya a hannu ba su samu ba, a ƙafa ba su samu ba, sai a kai suka sa masa ƙarin ruwan. Kwana huɗu. Babansa ya iso ana gobe zai rasu, da kayan aiki a jikinsa.

Likita ya tambaye mu wane ruwa yaron ke sha. Kafin in buɗe baki babansa ya ce, "Na gora, likita. Bai taɓa shan wani ba." Ban gyara masa ba. Likitan ya dube ni, ya rubuta abin da ya rubuta.

Bayan an kai shi, gidan ya cika da masu gaisuwa. Babansa ya shiga ɗaki ya durƙusa zai jawo tabarma daga ƙarƙashin gado. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ya daɗe a durƙushe. Sai ya jawo katan ɗaya ya juya shi, ya jawo wani, duk da ledarsu. Bai ɗaga murya ba, akwai mutane. Ya ce, "To me ya sha?" Na nuna masa baranda. Ya je ya leƙa cikin duron, ya dawo ya ce, "Wa ya ce ki yi haka?" Na ce ni ce.

Haƙorin ya fito, Baffa. Guda ɗaya a ƙasa. Mai wankan ce ta nuna min.

'Yarka.

*

Uwata,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansa, Ya sa mai ceto ne, Ya ba ki haƙurin da ni ban san inda ake samunsa ba. Inna tun jiya ba ta sa komai a bakinta ba. Ta ce in faɗa miki tana nan tana kuka tare da ke.

Na je aiki yau don ban san inda zan sa kaina ba. Na ɗebi ruwa a kwalba na ɗaga, na kasa ganin launin, abokin aikina ya karɓa ya ce in je in zauna.

Ina so in zo. Ki tambayi mijinki, in ya yarda gobe-goben nan zan hau mota. Akwai maganar da ya kamata ya ji daga bakina.

Baffanki.

*

Baffa,

Ka yi haƙuri da shirun da na yi, sati bakwai ke nan na sani. Ina fatan Inna ta samu ta ci abinci. Ni lafiyar jiki ina da ita.

Kada ka zo. Ban tambaye shi ba, don ba ma magana. Ba faɗa muke yi ba, da ma faɗan ne da na ji daɗi. Ya koma kwana a falo. In na ajiye masa abinci sai in dawo in tarar da shi a rufe yadda na bar shi, a waje yake ci. Katan ɗin nan ya fito da su ya jera a falo jikin bango, bai sha ba, bai bayar ba, kullum ta gabansu nake wucewa in shiga kicin. A ganinsa ƙyuya ce ta sa, ko raini, ya bar min doka ɗaya tak a kan ɗansa na take ta don ba ya nan. Shekaranjiya yayarsa ta zo ta zaunar da ni, ta ce ko zan je gida in ɗan huta. Na san irin hutun da ake nufi. Na ga ya sauko da babban akwatina daga kan kwaba ya goge masa ƙura.

Takardarka ta farko tana cikin rigar matashina. Bai san da ita ba. Na yi niyyar ƙona ta, na kunna risho har sau biyu. Ba zan iya jin ya ambaci sunanka da irin muryar da yake kirana da ita yanzu ba. Kai ne uban da nake da shi.

Abu ɗaya nake roƙo. Likitan ya ce ba zai iya rantsewa ruwan ne ba, yara kan ɗauki wannan ciwo ta hanyoyi da yawa. Kai ka san ruwa fiye da shi, kuma ba ka taɓa yi min ƙarya ba. Ruwan ne?

'Yarka.

*

Uwata,

Muna lafiya. Inna tana cin abinci kaɗan-kaɗan.

Kin tambaye ni, zan ba ki amsa. Likitan bai yi ƙarya ba, ba mai iya rantsewa. Amma da a wurin aiki aka kawo min labarin nan, na wani yaro da ban sani ba, da duro baki buɗe da moɗar gidaje biyu, ba zan yi dogon tunani ba. Zan ce ruwan ne. Kwana Allah ne ke yanke shi, wannan haka yake, amma ba zan ɓuya a bayan wannan maganar ba.

Yanzu ki ji yadda aka yi. Gidan da kika tashi, gidan ma'aikata ne, katanga ɗaya tsakaninmu da tankunan. Shekara talatin da ɗaya famfona bai taɓa ƙafewa ba. Ban taɓa mallakar duro ba, ban taɓa kwana da ruwan jiya ba. In na ce a tari ruwa, jog nake gani a kan tebur, don iyakar abin da na sani ke nan. Ni da nake taƙama na san hanyar ruwa daga kogi har baki, ashe ban san yadda mutanen hawa na uku ke sha ba.

Kuma kin faɗa min. Na ɗauko takardarki ta farko na sake karantawa, ga shi nan a layin ƙarshe, kin ce ba kullum yake hawowa ba. Idona ya bi ta kai ya wuce. Hankalina yana can ina shirya tsiyar da zan yi wa mijinki da gorunansa. Na cika shafi da ba'a, na kasa ƙara kalma huɗu: kada ya wuce yini. Mijinki ya fi ni gaskiya. Shi da bai san komai game da ruwa ba, tsoronsa ya fi ilimina amfani.

Ke ba ƙyuya kika yi ba, ba raini kika yi ba. Kin tambayi wanda ya kamata ki tambaya, kin yi abin da ya ce.

Saboda haka ki ciro takardar nan daga matashi ki ba shi. Ki haɗa masa da wannan. Ba shawara nake ba ki ba, Uwata, na gama ba da shawara. Umarni ne, kuma shi ne na ƙarshe da zan yi miki. Kin rasa ɗa, ba za ki rasa gida don ki rufa wa tsoho asiri ba. Ya kira ni duk sunan da ya ga dama, na ci. In dole sai an tsani wani a gidan nan, ga ni, ina nesa, ba sai an wuce ta gabana za a shiga kicin ba.

Baffanki.

*

Baffa,

Ina gaisuwa. Ina gaida Inna.

Na ba shi. Ranar Juma'a da yamma, ya dawo yana cire takalmi, na ajiye masa su biyun a kan gwiwa na koma kicin. Can na leƙo. Ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa, yana karanta ta farkon a karo na biyu, yatsansa na bin layi. Da ya kai wurin da ka ce ya ja wutarsa, sai ya kifa kansa a kan kujerar. Tun da aka kai yaron ban ga hawayensa ba sai ranar. Na zo na zauna kusa da shi, bai matsa ba.

Ya ce me ya sa ban faɗa masa ba. Na ce masa Baffa ne ya raine ni. Sai ya ce akwai abinci? Ya ci. Washegari ya mayar da akwatin kan kwaba.

Bai zage ka ba, ko sau ɗaya. Ya ce tsohon ya yi abin da ba kowa zai iya ba, Allah Ya yafe mana gaba ɗaya. Amma ya ce ba ya so ya sake ganin rubutun nan a gidansa, kuma ba ya so ka zo. Ba yanzu ba, bai san ko yaushe ba.

Ban yi masa gardama ba, Baffa. Wannan ne nake so ka sani, don kai ba ka ɓoye min naka ba. Na jira in ji bakina ya buɗe ya kare ka, bai buɗe ba. Ban tsane ka ba, Allah Ya sani, na yafe maka tun kafin ka nema, kuma kewarka nake ji har cikin ƙashina. Amma duk lokacin da aka miƙo min ambulan na ga rubutunka, duron nan nake gani.

Ka kula da ƙafar Inna. In ta tambayi abin da ya sa na daina rubutowa, ka faɗa mata abin da za ta iya ɗauka.

Kada ka ba da amsar wannan. In ka aiko, shi zai karɓa ya mayar wa direban, kuma ni ce na ce ya yi hakan.

'Yarka.